Gonar talaka da dokar da aka haifa a fagen yaƙi

Gardamar da ta fi daɗewa tsakanin 'yan ra'ayin talakawa a Arewa ita ce ta ƙasa: gona ta mai nomanta ce, ko ta gwamnati ce a madadin kowa? Keffi na da hannu a tushen wannan tambaya. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawa a garin, ya nufi Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi. Gwamna Lugga ya riƙe wannan cikin hujjojinsa na kai yaƙi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, kuma a can ne ya shelanta cewa ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Turawa ta hanyar yaƙi, har da ikon ƙasa.

Dokar ƙasa ta 1910 ta ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna, ta 1962 ta gaji wannan tsari. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma kulle ta cikin kundin tsarin mulki, yadda gyara ta ya zama jan aiki.

A nan masu ra'ayin gurguzu suka rabu. Wasu sun yi murna, a ganinsu idan ƙasa ta zama ta jama'a, attajirai da hakimai ba za su iya haɗiye ta ba. Wasu suka ce a duba hannun da aka danƙa wa amanar. Bakolori ta raba gardama: a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman yankin Talata Mafara masu neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwan Bakolori ya cinye, aka kashe mutane da dama. A wannan zamanin ne Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya kafa kwamitin binciken ƙwacen gonaki a tsohuwar Jihar Kaduna, shaida ce cewa dokar ba ta hana zaluncin ba.

Aibin yana cikin dokar kanta. Gwamna na iya soke haƙƙin mutum da sunan amfanin jama'a, diyya kuma ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Ita ƙasar, wadda kaka ya sare dajinta, ba a biyan kuɗinta.

Yau matsin Abuja ya iso Keffi. Manomi a Jigwada, da gonar gado da shaidar mai unguwa amma babu takardar gwamna, yakan ga turakun siminti suna matsowa kusa da kunyoyin dawarsa, dillalai na yanka filaye a maƙwabta. Mai kuɗi na da halin bin ofisoshi har ya karɓi takarda, shi kuwa kuɗin awon fili kaɗai ya isa ya mayar da shi gida.

Saboda haka kare mallakar ƙaramin manomi aikin magadan jam'iyyar NEPU ne, bai saɓa wa aƙidar Malam Aminu Kano ba ko kaɗan. Ya kamata Gwamnatin Jihar Nasarawa, inda Keffi take, ta sauƙaƙa rajistar gonakin gado ta hukumar NAGIS, 'yan majalisar tarayya kuma su nemi gyaran da zai sa a riƙa biyan diyyar ƙasar kanta a farashin kasuwa.