Tattalin Batirin Kwamfuta: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Sanin kowa ne cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don cajin kwamfuta ya fi ƙarfin talaka. A jami'o'inmu kuwa, ɗalibi kan yi asarar aikin yini guda saboda batir ya mutu yana tsakiyar rubutu. Mun saba ɗora laifin kacokan a kan masu wutar lantarki. Ni dai a ganina, muna da namu kason, domin akasarinmu ba mu taɓa leƙa saitin kwamfutar ba.

Ya kai mai karatu, fuskar kwamfuta na cikin abubuwan da suka fi shan batir. Rage haskenta zuwa rabi, ka saita ta ta riƙa dushewa bayan minti 3 in ba a aiki. Kunna tsarin tsimin wuta da ke cikin Windows tun batir na cike, kada ka jira sai ya kusa ƙarewa. Kashe Wi-Fi da Bluetooth in ba ka bukatarsu, ka rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Sa'annan ka bambance barci da doguwar suma: kwamfuta mai barci tana ci gaba da tsotsar wuta, amma wadda ta suma takan adana aikinka a faifai ta mutu ɗungurum.

Wannan na wa'adin caji ke nan. Tsawon ran batirin kansa kuwa, babban makiyinsa zafi ne. Kamfanin Apple ya ƙayyade digiri 10 zuwa 35 ga kwamfutocinsa, alhali zafin bazara a Kano da Sakkwato kan haura 40. Ɗora ta a kan katifa na toshe mata kafar iska. Haka kuma, batirin lithium kan tsufa da wuri in kullum yana cike maƙil, shi ya sa kamfanoni irin su ASUS suka tanadi saitin tsayar da caji a kashi 80. Na san mai samun wuta awa biyu a rana zai ce gara ya cika, kuma yana da gaskiya. Wannan saiti na mai sola ne da ma'aikacin ofis.

Babban cikas shi ne harshe, don saitin nan da Turanci yake zuwa wa yawancinmu. Ina kira ga malaman kwamfuta da su ware darasi guda su koyar da wannan da Hausa. Allah Ya sa mu gyara, amin.