Injin Wankel ba na hanyar Birnin Gwari ba ne, gurbinsa yana sama

Duk matashin da ke leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon Mazda RX-7 tana kuwwa kamar jirgi zai tashi. Sirrin ƙarar shi ne injin da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira, wanda aka fara tayarwa a kamfanin NSU a 1957. Ba shi da fistin. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, ya zuƙi mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Ƙarami ne, mara nauyi, ga ƙarfi. Da irinsa Mazda 787B ta lashe tseren Le Mans a 1991.

Sai dai wanda ya ga RX-8 'yar Kwatano da arha a Facebook, ya yi niyyar kawo ta Birnin Gwari, gara ya dakata. Injin yana shan fetur fiye da girmansa, abin da ba wasa ba ne tun cire tallafi a 2023. Da gangan kuma yake ƙona baƙin mai domin shafe wasu siraran ƙarafa da ke bakin kusurwoyin nan uku. Da zarar sun cinye, ƙarfin matsewa ya tafi, mota ta riƙa ƙin tashi idan ta yi zafi. Ga ƙurar hanya. Kanikawan da suka ƙware a Golf da Sharon kuwa ba za su san inda za su sa sifana ba, kayan gyaran ma sai an yi dace ko a Panteka.

Ita kanta Mazda ta daina ƙera RX-8 a 2012. Da injin ya dawo a 2023 cikin MX-30 R-EV, ba taya yake juyawa ba, janareta ne mai cajin batir.

Masu haɗa ƙananan jirage a gida a Amurka sun daɗe suna ɗora injin 13B na Mazda saboda ƙarancin sassan da ke motsi. Amma yana buƙatar giya mai rage gudun farfela da babbar dabarar sanyayawa, kuma motocin da ake ciro shi sai tsufa suke. A Kaduna, jiragen Air Beetle 60 da aka haɗa wa sojin sama bisa tsarin Van's RV-6A injin Lycoming mai fistin aka sa musu. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007, injin Honda Civic ya yi amfani da shi. Kowa da abin da hannunsa zai kai.

Inda Wankel ke da gurbi na gaske shi ne jirgi mara matuƙi. RQ-7 Shadow na sojin Amurka da shi ya yi shekaru yana shawagi, domin a nan rashin nauyi da rashin jijjiga sun fi tsimin mai muhimmanci. Dazukan Kamuku da Kuyambana sun fi ƙarfin sintirin ƙafa, kuma zaman lafiyar da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a 2024 yana buƙatar ido daga sama. Kwalejin fasaha ta sojin sama da ke Kaduna ita ya kamata ta sayo ko da injin guda biyu, ta ba ɗalibanta su kwance su gani.