DAGA BAKIN ALLO: Wane ne baƙo?

A watan jiya wani dattijo a Zangon Salaga ya tare mu bayan sallar Azahar da kuka a kan jikansa. Ya ce yaron ba ya da aiki sai kallon wasu mutane masu dogayen kunnuwa suna yawo cikin taurari a waya, kuma yana so mu malamai mu hana. Muka ce masa to, sai mun duba tukuna, domin ba a yanke wa abu hukunci ba a gan shi ba. Mun duba, ga kuma abin da muka samu.

Wasan da yaron yake kallo sunansa Star Trek. Wani Ba'amurke, Gene Roddenberry, ya ƙago shi, aka fara nuna shi a talabijin a Amurka a 1966. Labarin wani jirgin sama jannati ne mai suna Enterprise, wanda ke yawo daga wannan duniya zuwa waccan a ƙarni na 23. Amma mu abin da ya fara ɗaukar mana hankali shi ne mutanen da aka zaunar a ɗakin tuƙin jirgin. Akwai Bature, akwai mai asalin Japan, a 1967 kuma aka ƙara Barashe, alhali a lokacin Amurka da Rasha kowa na wasa wuƙarsa. Sannan ga wata baƙar mace, Laftanar Uhura, ita ke riƙe da sadarwar jirgin gaba ɗaya. An ɗauko sunanta daga kalmar Suwahili mai ma'anar 'yanci.

A wancan zamani baƙar mace a talabijin ɗin Amurka yawanci aikin gida ake ba ta. Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, ta ba da labari cewa ta so barin wasan bayan shekarar farko, sai Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna, saboda yara baƙaƙe suna ganin kansu a jikinta. Cikin yaran nan akwai Mae Jemison, wadda a 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya. Duk malamin da ya taɓa fama da uba a kan ya bar 'yarsa ta wuce aji shida ya san darajar irin wannan misali.

To, amma akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. Halittun wasu duniyoyi da ake nunawa a wasannin nan, Turawa suna kiransu alien. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce a Zango. Ita ce aka rubuta a kan dokar korar baƙi da gwamnatin Dokta Busia ta fitar ran 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dattawanmu suna tuna yadda aka yi gwanjon gidaje da rumfuna, aka cika motoci da mutanen da wasunsu a nan aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Ilori ba. Kakanninsu kuwa sun daɗe suna fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana ba. Shekara 14 bayan haka, a 1983, Nijeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Wanda ya kira wani baƙo jiya, sai ga shi ya wayi gari shi ne baƙon.

A farkon wannan shekara ta 1969 ɗin, a watan Janairu, Star Trek ya nuna wani kashi da muke so kowane ɗan makaranta a arewacin ƙasar nan ya gani. Mutum biyu ne daga wata duniya mai suna Cheron suka shigo jirgin, Bele da Lokai, kowanne rabin fuskarsa baƙi, rabi fari. Bele ya shafe shekara 50,000 yana farautar Lokai. Mutanen jirgin suka rasa gane bambancinsu, har sai da Bele ya yi musu bayani cikin fushi cewa shi baƙinsa a dama yake, su Lokai kuwa farinsu ne a dama. Da jirgin ya kai su gida, sai aka tarar mutanen duniyar tasu sun karkashe juna ba wanda ya saura, garuruwa sun zama kufai. Duk da haka su biyun suka sauka suka ci gaba da bin juna.

Da muka nuna wa 'yan ajinmu wannan kashi, da farko dariya suka yi ta yi wa kwalliyar fuskar. Da aka zo ƙarshe aji ya yi tsit. Wata yarinya ta ce kakarta ta ba ta labarin gudun da suka yi a 1994, lokacin da gardamar cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla ta zama yaƙin da ya ci dubban rayuka, ya taɓa yankunan Yendi da Salaga. Kowa ya san zabo dalili kawai ya zama, rigimar ƙasa da sarauta ce ta daɗe tana ci a ƙasa, kuma sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Kumasi. Yendi ta sake shiga baƙin ciki a 2002 da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu, ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai a 2019. Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sha rufe kasuwa da makarantu, ya jawo dokar hana fita. Ba mu ce waɗannan rigingimu ba su da tushe kamar na Bele da Lokai ba, kowane ɓangare yana da tarihinsa da hujjarsa. Darasin yana ga ƙarshen labarin: idan gari ya ƙone, sarautar wa za a yi a kan toka?

Mu 'yan Zango sau da yawa ba mu cikin masu faɗan, amma rumfunanmu suna cikin masu ƙonewa, 'ya'yanmu suna cikin masu rasa karatu. Har yau kuma ɗan Zango yakan je neman katin shaida ko fasfo, a dubi sunansa a ce ya kawo shaidar inda aka haifi kakansa, alhali sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko launin fata. Saboda haka tambayar da wasan nan yake yi, wato wa ya cancanci a kira shi ɗan gida, tamu ce tun kafin ta zama ta Amurkawa.

Dattijon nan yana da gaskiyarsa, kada mu raina ta. Akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba a wasu sassan wasan. Masu rubuta shi kuma sukan nuna kamar idan ilimi ya ci gaba addini zai ja baya, mu kuwa ba haka muka ɗauki ilimi ba. Yaron da ya kwana a kan waya ma ba zai tsinana komai a aji ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce a sa wa kallon lokaci, kuma a zauna a kalla tare da yara ko da sau ɗaya a mako. Idan an gama a tambaye su wa aka zalunta a labarin, wa ya yi shiru, kuma ina suka taɓa ganin irin haka a garinmu. Malamai 'yan uwanmu kuma, kashi ɗaya bai kai sa'a guda ba, yana shiga darasin zaman jama'a ba tare da an takura ba. Mun koma wurin dattijon da wannan bayani, ya ce zai gwada, amma da sharaɗin jikan nasa ya riƙa fassara masa. Muka ce wannan ma darasin Turanci ne kyauta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kawo sulhu mai ɗorewa a Bawku. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.