Wahalar ce ke riƙe ɗan wasa a Hotline Miami, ba jinin ba

A watan Oktoban 2012 wasu mutum biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonatan Söderström da Dennis Wedin, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Hotline Miami. Su biyun nan su ne kamfanin kacokan, kuma da GameMaker suka haɗa shi, manhajar da ko ɗan koyo yana iya sarrafawa. Hotonsa dishi-dishi ne irin na wasannin shekarun 1980, ana hango komai daga sama kamar an yaye rufin gida. Labarin ma ba shi da daɗin ji. A birnin Miyami na Amurka, cikin 1989, wani mutum da ba a faɗi sunansa ba yana tarar da saƙonni a na'urar wayar gidansa, ana aikensa wasu 'yan aikace-aikace na yau da kullum. Ainihin aiken kuwa shi ne ya rufe fuskarsa da kan wata dabba na roba, ya je ya karkashe 'yan mafiyar Rasha. Cikin mako bakwai aka sayar da kwafi 130,000, kuma har yau ana bugawa. Mai kallo daga nesa zai ce jini ne ya sayar da shi. A ganina, wanda ya faɗi haka bai lura da abin da ke zaunar da mutum a gaban wasan ba, wato wahala mai adalci, wadda manyan kamfanoni suka daɗe da guje mata.

A dubi yadda ake ƙetare ɗaki guda. Kana bakin ƙofa hannunka wayam, wani ɗan daba na tsaye a bayanta da sanda, wani na zagaye da bindiga, ga kare a lungu. In ka banko ƙofar daidai lokacin da mai sandan yake jikinta, zai kife, ka ɗauke sandar. In ka yi saurin ɗaukar bindiga ka harba, ƙarar za ta kira duk wanda ke kusa, su yo kanka. Bugu ɗaya ya ishe ka mutuwa, kamar yadda ya ishi yawancin abokan gabarka. Da ka faɗi sai ka danna harafin R, kafin ƙiftawar ido ka dawo farkon hawan benen, kiɗan ma bai tsaya ba. Mutum zai mutu sau ashirin a ɗaki ɗaya, amma kowace mutuwa da abin da take nuna masa: ka yi gaggawa, ka manta da tagar gilashin da ake hango ka ta ciki, ka jefa makami ka kuskure. A karo na ashirin da ɗaya sai hannu ya yi abin da kai bai gama tsarawa ba, a share benen cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan daɗin ba a sayensa, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Masu cewa ai kewar da ce kawai, wasu manya ne ke neman yarintarsu, sun faɗi rabin gaskiya. Wasannin da, irin su Ghosts 'n Goblins na 1985 da Contra na 1987, an ƙera su da wahala ne don ciniki: na'urorin suna girke a shaguna, duk mutuwa sai an sake jefa kwabo. Wahalar tasu haraji ce. Da wasanni suka zama harkar miliyoyin daloli sai aka koma ɗaya gefen: kibiya na nuna maka hanya, rauninka na warkewa da kansa in ka ɓuya bayan bango, don kamfanin da ya zuba dukiya ba ya son kowa ya yi fushi ya ajiye. Ƙananan masu ƙira, waɗanda ba su da masu hannun jarin da za su ji tsoro, suka ɗauko tsananin da, suka cire harajin. Tsohon salon hoton ma ba kwalliya ba ce kurum. Shi ne abin da mutum biyu za su iya zanawa da kansu, yana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta, kuma yana shimfiɗa maka filin a sarari, yadda in ka mutu ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Akwai binciken da ya taɓa wannan batu kai tsaye. A 2009 Andrew Przybylski da Richard Ryan da Scott Rigby suka wallafa sakamakon wasu gwaje-gwaje da aka yi a Jami'ar Rochester, inda a wasunsu aka ba mutane wasa iri ɗaya, wani da zubar da jini, wani an rage shi. Abin da suka gano shi ne jinin bai ƙara wani abin kirki a kan jin daɗin wasan ba. Abin da ke ƙara daɗin shi ne mutum ya ji yana ƙwarewa, kuma shi ke zaɓar yadda zai yi. Kasuwa ma ta nuna haka. Wasan Celeste na 2018 labarin wata yarinya ne mai hawan dutse, ba ta kashe kowa, amma tsarinsa ɗaya da na Hotline Miami: mutuwa nan take, dawowa nan take. Jama'a suka rungume shi. Haka masu cika filin dambe suke, ba fashewar baki ta kawo su ba, sun zo ganin wanda ya iya karanta abokin karawarsa ne.

Sai a ce, to in haka ne me ya sa ba a cire jinin ba? Tambaya ce mai nauyi. Amsar tana cikin abin da ke faruwa in ka gama kashe na ƙarshe. Kiɗan da ke ingiza ka sai ya ɗauke, ya bar wani amo mara daɗi, kuma wasan ba ya ɗauke ka ya kai ka gaba. Sai ka taka da ƙafarka, ka bi ta kan gawawwakin da ka zubar, bene bayan bene, har ka isa motarka. A tsakanin matakai kuma akwai wani mai fuskar zakara da ke titsiye ka da tambayar ko kana jin daɗin cutar da mutane. Wasannin harbi da yawa suna ɓoye gawa, suna kiranka jarumi. Wannan yana kawo maka lissafin abin da ka aikata. Duk da haka ba zan wanke shi tas ba: wasan da ke ba ka maki mai yawa don ka yi kisa da salo, sannan ya juyo ya yi maka hannunka mai sanda, yana cin kasuwa biyu ne. Kashi na biyu da ya fito a 2015 ya nuna iyakar abin. An ƙara muni har hukumar tace wasanni ta Ostireliya ta ƙi ba shi izinin sayarwa saboda wani wuri da ya shafi fyaɗe, an kuma faɗaɗa filayen har ana harbe ka daga inda ba ka gani. Jini ya ƙaru, adalcin wahalar ya ragu, kuma a kan wannan na biyun ne mafi yawan ƙorafin masu bugawa ya tsaya.

Saura batun tarbiyya, wanda ya girmi wannan wasa. Tun 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan wasan Mortal Kombat, abin da ya haifar da hukumar ESRB mai sanya wa wasanni alamar shekaru a 1994. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai, amma a 2020 ta ja kunne cewa babu isasshiyar hujjar ɗora musu alhakin manyan laifukan tashin hankali. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, a kan matasan Birtaniya kusan dubu, bai ga alaƙar ba ma. Wannan ba ya nufin a sakar wa yara. Hotline Miami yana ɗauke da alamar M, wato na 'yan shekara 17 zuwa sama, kuma duk hujjar da na kawo a kan babban mutum take, wanda zai iya jin nauyin tambayar mai fuskar zakara. Wanda ya taɓa gudun tsira daga 'yan bindiga a Zamfara ko Borno yana da cikakken haƙƙin ya ce ba ya son ganin kisa ko da na zane ne, kuma ba mai yi masa musu. Inda aikin yake shi ne gidajen gem na unguwanninmu, inda ɗan firamare ke biyan kuɗinsa ya zauna gaban Mortal Kombat, mai shagon bai taɓa duba harafin da ke jikin kwalin ba, iyaye da dama kuma ba su san akwai shi ba.