Kiwon kifi a Kwaya: horo kafin bashi

A ƙasar Magarya da Dungas ruwa ba shi da nisa cikin ƙasa, kuma tafkuna irin na Lasuri sun daɗe suna ciyar da masunta. Amma kacala tana cinye tafkuna, kamu yana raguwa. Don haka kiwon tarwaɗa da karfasa ya cancanci manoman Kwaya su dube shi.

A shekarar 2017 hukuma ta kafa asusun FISAN bisa wannan tsari: kashi 40 cikin 100 taimako, 50 bashin banki, 10 daga aljihun mai aikin. Abin lura, taimakon tare da bashin yake tafe. Sabon makiyayi wanda bai san yawan kifin da rami ke ɗauka ba, ko lokacin sauya ruwa, kifinsa zai mutu, bashi ya saura a wuyansa.

Bayan haka, galibin 'ya'yan kifi da abincinsu daga Najeriya suke zuwa. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya nuna haɗarin wannan dogaro.

Wajibi ne ma'aikatan ruwa da daji su horar da manoma cikin ƙungiyoyinsu, da harshen Hausa, kafin a ba su bashi, a kuma ƙarfafa ƙyanƙyasar kifi cikin jahar Damagaram.