Hutun 'Yan Kwanaki a Ƙasar Maƙwabta: Lissafin Daga Ƙofar Gida Yake Farawa



Akwai wata magana da ake ta juyawa a tsakaninmu. Waɗansu 'yan'uwa, musamman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, idan sun sami hutu sukan yi sha'awar ɗaukar iyali su hau jirgin sama zuwa Akara ko Lome ko Kwatano, su yi kwana uku ko huɗu su dawo. Waɗansu dattawa suna ganin wannan almubazzaranci ne a lokacin da mutanenmu da yawa suke gudun hijira. Matasa kuwa suna cewa wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe shekara da shekaru ya cancanci ya je inda zai yi barci har gari ya waye. Ra'ayina shi ne, hutu ba zunubi ba ne, amma mutumin ƙasar Gobir da ya fara shirinsa daga sayen tikiti ya fara daga tsakiya, gama jirgin shi ne yanki mafi gajarta kuma mafi sauƙi a cikin tafiyar.

Mu fara da hutun kansa. A cikin Markus 6:31, Ubangijinmu da kansa ya janye almajiransa gefe domin su huta, saboda taro ya hana su ko cin abinci. Jiki da zuciya suna gajiya, kuma ma'aikacin da ya gaji ba ya amfanar gidansa balle ikilisiya. Saboda haka ina roƙon iyayenmu dattawa kada su yi saurin yanke wa kowa hukunci. Amma Ubangijin nan kuma, a Luka 14:28, ya koya mana cewa mai son gini yakan zauna tukuna ya yi lissafi. To, bari mu yi lissafin tare.

Na fari, hanya. Daga Legas zuwa Akara tafiyar kamar awa ɗaya ce a sama. Sai dai mu ba a Legas muke ba. Filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato, in ban da jigilar alhazai, jiragensa garuruwan cikin gida suke nufa. Wato sai mutum ya bi mota zuwa Sakkwato, ya hau jirgin cikin gida, sa'an nan ya kama na ƙetare. Kuma duk mun san abin da hanyar Sakkwato ta zama. Ba mu manta da Disamba 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone mota da fasinjoji fiye da 20 a kusa da Gidan Bawa. A Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu a watan Agusta. Mutanen Isa kuma sun san dajin Gundumi. Idan basarake bai tsira ba, wane ne ni, wane ne kai?

Don haka kada kowa ya sayi tikitin da zai tilasta masa fita da asuba ko dawowa da almuru. A bar gida da rana tsaka-tsaki, lokacin da motoci suke tafiya tare, a kwana a Sakkwato wurin 'yan'uwa, washegari a tashi. Idan labarin hanya ya ɓaci a ranar, a fasa. Asarar kuɗin tikiti ta fi neman kuɗin fansa sauƙi nesa ba kusa ba. Haka kuma, tsakanin jirgin cikin gida da na ƙetare a bar kwana guda, domin jinkiri da soke tashi ba baƙon abu ba ne, kuma idan tikitin biyu na kamfanoni daban-daban ne, na biyun ba zai jira ka ba, ba kuwa lalle ya mayar maka da kuɗinka ba. In aka haɗa duka, hutun kwana uku ya zama tafiyar mako guda ko fiye. Wanda izinin wurin aikinsa bai kai haka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, takardu. Nehemiya mutum ne mai addu'a, duk da haka a sura 2 aya 7 ya roƙi sarki wasiƙun da zai nuna wa masu mulkin yankunan da zai ratsa. Bangaskiya ba ta hana riƙe takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ko Togo ko Benin ba tare da biza ba har kwana 90, amma ba ta ce a tafi hannu rabbana ba. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, kuma ya kyautu fasfon ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A Satumba 2025 an mai da kuɗin ƙaramin fasfo na shekara biyar naira 100,000, ga miji ga mata ga yara, sai a lissafa. Ana kuma bukatar katin rigakafin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a nema ana gobe tafiya ba ne. A duba sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da muke da sunan baftisma da sunan gida da sunan kaka, a nan ne muka fi yin tuntuɓe.

Game da Nijar kuwa, a yi hattara ta musamman. Mu a nan ba mu saba ɗaukar Maraɗi da Tsibiri a matsayin ƙasar waje ba, gama dangi ɗaya ne, kuma da yawa daga cikinmu sun taɓa neman magani a asibitin mishan na Galmi. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sa'an nan Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Darasin shi ne, ƙa'idar da ta yi aiki bara ba lalle ta yi aiki bana ba. Mai nufin Yamai ya tambayi ofishin shige da fice a makon tafiyarsa, ya kuma sayi tikitin da ake iya canja masa rana, ko da ya ɗan fi tsada.

Na uku, kuɗi. Tikiti kashi ɗaya ne kawai. Akwai motar Sakkwato, masauki a Abuja ko Legas zuwa da dawowa, abinci, da canjin naira zuwa sidi ko sefa, wanda yakan rage wa mutum ƙarfi tun bai sauka ba. A ganina, hutun da aka ci bashi domin sa ba hutu ba ne, wahala ce aka ɗaga zuwa wata mai zuwa. Kada a taɓa kuɗin makarantar yara. Kada ma'ajin ikilisiya ko na zumuntar mata ya ara daga asusu da niyyar zai mayar. Kuma a nan dattawa suna da gaskiya: wanda Allah ya buɗa wa har zai iya hawa jirgi domin shaƙatawa, ya fara tunawa da gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga gonakinsu. Idan ya ware nasu rabon kafin ya tafi, ba mai bakin magana, shi ma zai huta da lamiri mai tsabta.

Na huɗu, ikilisiya. A manyan majami'u na birni, mutum goma za su yi tafiya ba a lura ba. A wurinmu, mutum ɗaya shi ne mai koyar da makarantar Lahadi, shi ne mai fassara, shi ne mai riƙe mabuɗi. Kafin ka tafi, ka nemi wanda zai tsaya a madadinka. Ka gaya wa fasto ko dattijo ɗaya ranar fitarka da ta dawowarka da inda za ka sauka, a yi maka addu'a kamar yadda Ezra ya tara mutanensa suka roƙi Allah sauƙin hanya kafin su tashi. Amma ina roƙo, kada a yi sanarwar tafiyar kowa daga kan bagade, kada kuma matasa su sa hoton tikiti ko na filin jirgi a Facebook sai bayan sun dawo. Bango yana da kunne, kuma wanda aka ji ya hau jirgi ana ɗauka mai kuɗi ne, ko da shekara biyu ya yi yana tari.

Idan Lahadi ta same ka a can, ka nemi majami'a ka yi sujada. A Akara, unguwannin Nima da Sabon Zongo cike suke da masu jin Hausa, ba za ka rasa mai nuna maka hanya ba. Ka kai gaisuwarmu, ka gaya wa masu bi halin da muke ciki domin su riƙa tunawa da mu, ka dawo mana da labarin abin da ka gani. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ƙaramar ikilisiya tana ƙarfafuwa idan ta tuna cewa ba ita kaɗai ba ce.

A ƙarshe, ina ba majalisun dattawa shawara su dubi fastocinmu da masu bishara, waɗanda suke jana'iza da ta'aziyya ba dare ba rana, ba su kuma da halin jirgi. Ko mako guda ne a Sakkwato ko Jos, a haɗa hannu a ba su su da matansu. Su ma masu jiki ne.

Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu, ya maido da salama a ƙasar Gobir. Amin.