Ba ragwanci ba ne: a daina yi wa ƴan terminal tsawa

Kowace shekara, da watan Maris ya kama, rana ta fara dukan kai, sai ka ji waƙar nan ta taso daga bakin iyaye da mushe-mushe: "Yaran zamani ba su son karatu, waya ta lalata su." Sai a ƙwace waya, a yi tsawa, a tuna wa yaro da ɗan maƙwabci da ya ci bak da mansiyo. Ni dai na ce wannan magani ba ya warkarwa, domin ba a gano cutar ba. Ruwa ba ya tsami banza. In shekara da shekaru waɗanda ke cin bak a ƙasar nan ba su kai rabin masu zama jarrabawar ba, to rabin ƙasa ne duka ragwaye?

Ku je ƙarƙashin fitilun titi a Maraɗi ko Damagaram da dare. Za ku tarar da ɗan terminal yana kai da komo, kaye a hannu, yana maimaita darasin filozofi kamar mai tilawa. Rago ba ya yin haka cikin zafin Afrilu. Amma tsayar da shi ka ce, "To, faɗa mini da Hausa, me wannan jimlar take nufi?" Nan ake yin ta. Ya haddace shafi goma, bai mallaki layi guda ba. Wanda ya shekara 13 yana hadda cikin harshen da ba ya mafarki da shi, in ƙarfinsa ya ƙare ana saura wata biyu jarrabawa, gajiya ce, kuma yana da hujja.

Abin da ke riƙe mutum kan karatu shi ne daɗin ganewa. Ranar da lissafi ya buɗe maka, ba sai an tashe ka da asuba ba. Mu a fannin ilimin harsuna ba sabon zance ba ne wannan. Tun 1953 UNESCO ta ce yaro ya fi gane karatu da harshen gidansu. A nan gida an buɗe lakwal ɗin gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a cikin aji. A 2025 ma an ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma har yau in ƴan gurup suka yi bayanin darasi da Hausa ko Zabarmanci, wani sai ya ce wasa suke yi.

Na san abin da za a ce: "Ai da Faransanci ake rubuta bak." Gaskiya ne, ba wanda ya musa. Sai dai disertasiyo ba gasar haddar kalmomi ba ce, tsarin tunani ne: ka kawo magana, ka kawo kishiyarta, ka sasanta su. Yaron da ke kayar da abokansa a gardamar ƙwallo a fada, shayi na tafasa, ya riga ya iya wannan. Abin da ya rage masa shi ne ya sa wa tunanin rigar Faransanci. A tattauna da Hausa har kowa ya gane, sannan kowa ya ɗauki bik ya rubuta da Faransanci, a gyara wa juna. Ganewa tukuna, rubutu daga baya. Mun juya abin, shi ya sa muke shan wuya.

Ku kuma iyaye, ga naku. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙane, sannan ƙarfe goma na dare aka ce "ki yi himma", wace himma ta rage mata? Ku ɗauke mata aikin gida na wata uku, ba za a mutu ba. Ku daina cewa "in kika faɗi aure za a yi miki". Tsoro yana sa mutum gudu, ba ya sa shi fahimta. Ku bar yaro ya yi barci. Maimakon "sai ka ci bak", ku tambaye shi, "Yau me ka gane?" Ku saurara ko da ba ku taɓa zama a benci ba, yana yi muku bayani, yana ƙara kafa abin a kansa.

Mu ɗalibai da muka riga muka haye, mu ma muna da bashi. Yanzu akwai jami'a a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, amma ƙannenmu da yawa ba su san me ake karantawa a ciki ba. Wa zai yi gudu zuwa ƙofar da bai san abin da ke bayanta ba? Mu koma unguwa lokacin hutu, mu zauna da su, mu faɗa musu gaskiya: akwai cunkoso, akwai jiran burs, amma akwai ilimi, akwai hanya. Mu ɗauki tsofaffin jarrabawowi mu warware da su ɗaya bayan ɗaya tun watan Oktoba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk mai son ya kira yaron nan rago, ya fara zama da shi awa guda, ya bayyana masa darasi ɗaya da harshen da yake ji. In bayan haka yaron ya ƙi buɗe kaye, to sai ya zo mu yi gardama.